Tarzoma a Shafin Littafi: Daga Dandalin Maidan Zuwa Shataletalen Kpakungu

Da safiyar Litinin, 5 ga Fabrairun 2024, mata da matasa suka tare shataletalen Kpakungu a Minna, suka datse hanyar Bida. Kukansu ɗaya ne: abinci ya fi ƙarfin talaka. Motoci suka yi cirko-cirko, mataimakin gwamna Yakubu Garba ya zo ba da baki, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka kama wasu. Kafin magariba labari ya karaɗe ƙasa, kafin mako ya zagayo wani labarin ya danne shi.

Jarida ta adana rana da wuri da yawan waɗanda aka kama. Amma ba aikinta ba ne ta faɗi ko an ɗora tukunya a gidan matar da ta fito, ko wa ta bar wa goyonta, ko me mijinta ya ce da ta dawo idanu jajir. Wannan gurbin marubuta ƙagaggun labarai ne ke cike shi, kuma a shekarun nan babu inda aikinsu ya ja hankalin duniya kamar Yukren. A nan gida kuwa ana yi wa irin waɗannan littattafai kallo iri biyu. Wasu na karanta su tamkar kundin tarihi, har su kafa hujja da su a mahawara. Wasu na ganin ƙarya ce tsagwaronta, ko kuma famin tsohon gyambo. Duka biyun akwai gyara a ciki.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Zanga-zanga fitowar jama'a ce fili don nuna rashin amincewa, da kwalaye da waƙe da tattaki. Tarzoma ita ce lokacin da abin ya ƙwace, aka shiga jifa da ƙone-ƙone da wawashe dukiya. Bore ya fi kusa da yi wa hukuma tawaye, juyin juya hali kuma sai an kai ga tumɓuke tsarin mulki gaba ɗaya. Minna ta ga yadda ta farko ke rikiɗewa ta koma ta biyu a yini guda. Ranar 11 ga Janairun 2012, ana tsakiyar yajin aikin gama-gari bayan gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, aka wayi gari da tattaki aka yini da hayaƙi. An ƙona gine-gine da motoci, gwamnatin Mu'azu Babangida Aliyu ta sa dokar hana fita ba dare ba rana.

A ɓangaren rubutu ma akwai rabe-rabe. Rahoto yana faɗin abin da ya faru yau. Tarihi yana tattara hujjoji bayan ƙura ta lafa, ya auna su. Shaidar gani da ido kuwa mutum ɗaya ne ke faɗin abin da ya same shi. Ƙagaggen labari, wanda malaman adabi ke sawa cikin rubutun zube, ya bambanta da duka ukun: marubuci na iya aron gari na gaske da rana ta gaske, amma mutanen da ya zuba a ciki shi ya ƙera su. Saboda haka ba a tambayarsa ko tauraron labarin ya taɓa rayuwa. Abin tambaya shi ne ko mutum irinsa, a hali irin wannan, zai iya yin abin da ya yi.

Kalmar Maidan da ake ji a labarin Yukren ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun Larabci. Fili take nufi, ko dandali.

Abin da ya faru a Yukren

Ranar 21 ga Nuwamban 2013 gwamnatin Shugaba Viktor Yanukovych ta dakatar da shirin sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da Tarayyar Turai, ta karkata ga Rasha. A daren aka fara taruwa a Dandalin 'Yanci da ke Kiyev, wato Maidan. Mutane suka kafa tantuna cikin tsananin hunturu, suka yi wata uku. Tsakanin 18 da 20 ga Fabrairun 2014 jini ya kwarara. Masu zanga-zanga kusan ɗari suka mutu a tsawon rikicin, da 'yan sanda fiye da goma. Yanukovych ya tsere zuwa Rasha. A watan Maris Rasha ta haɗe Kirimiya, yaƙi ya ɓarke a yankin Donbas, sannan aka shiga babban yaƙin da ya fara ranar 24 ga Fabrairun 2022.

Abin lura shi ne inda manyan marubutan ƙasar suka ajiye idonsu. Andrey Kurkov, a littafinsa na 2018 da aka fassara da sunan Grey Bees, bai bi janar ko ɗan siyasa ba. Ya ɗauko wani mai kiwon zuma ne, Sergeyich, a ƙauyen da ya faɗa tsakanin sansanoni biyu, kowa ya gudu saura mutum biyu: shi da wani abokin gabarsa tun na yarinta. Ba wuta, ba kanti, harsasan igwa na wucewa ta saman rufi. Damuwarsa ita ce amyoyinsa, da yadda zai kai ƙudan zumarsa inda za su sha fure ba tare da ƙarar igwa ta firgita su ba. Akwai gawar wani soja da ke kwance cikin ƙanƙara a gonar bayan gidansa, ya rasa na wane ɓangare ne, abin ya hana shi sukuni har sai da ya rarrafa ya je ya rufe ta. Mai karatu a Shiroro ko Munya, inda manomi ke rayuwa tsakanin 'yan bindiga da jami'an tsaro, kowanne na zarginsa da yi wa ɗayan leƙen asiri, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan mutum.

Serhiy Zhadan, a littafinsa na 2017 mai suna Internat, wato makarantar kwana, ya bi wani malamin makaranta, Pasha, wanda bai taɓa damuwa da siyasa ba, a tafiyar kwana uku cikin garin da ake gwabzawa don ya ɗauko ɗan 'yar'uwarsa. Zanga-zangar Maidan ita kanta, ɗaya daga cikin littattafan da suka fi yaɗa labarinta a Turance Ba'amurkiya ce ta rubuta shi, Kalani Pickhart, a 2021: I Will Die in a Foreign Land. Ta saƙa rayuwar mutum huɗu, cikinsu har da wata likita da ke duba raunuka a tsohuwar majami'ar da aka mayar asibitin wucin gadi.

Kagara ta riga kowa

Wanda zai ce wannan salo daga Turai ya zo, bai duba tarihin jihar Neja ba. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a hukumar fassara ta Zariya, wadda ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, biyu daga cikin littattafai biyar ɗin 'yan Kagara ne suka rubuta: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, da yayansa Bello Kagara da Ganɗoki.

Ganɗoki labarin rushewar duniya ne. Tauraronsa mayaƙi ne na Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya ga zuwan Turawa, ya ƙi miƙa wuya, ya bi sahun masu hijira gabas. Waɗannan abubuwa ne da suka faru: Kwantagora da Bida sun faɗi a farkon 1901, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Daga nan labarin ya bar ƙasa ya hau iska, aka shiga duniyar aljanu da ƙasashe masu nisa, kafin jarumin ya dawo gida ya tarar zamani ya juya, ya zauna da shi lafiya. A nan ne mai karatu ya kamata ya tuna wa ya buga littafin. Hukumar Turawan mulkin mallaka ce, kuma shekara talatin kacal bayan Burmi, lokacin da waɗanda suka yi yaƙin suna raye. Da wuya a ce hakan bai taɓa yadda labarin ya ƙare ba.

Wani littafin gasar, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma tauraronsa mutumin Kagara ne: yaron da aka sace a zamanin farautar bayi, ya ƙetare Sahara, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Da 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Kagara ranar 17 ga Fabrairun 2021 suka tafi da mutum 42, ɗalibai 27 a ciki, sannan a ƙarshen Mayu aka kwashi yara sama da ɗari a Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina, tsohon littafin ya zama kamar jiya aka rubuta shi.

'Ya'yan Minna

Minna garin tashar jirgin ƙasa ce, ta tara ƙabilu tun farkonta, kuma ta haifi marubuta biyu da suka yi suna a duniya da Turanci. An haifi Cyprian Ekwensi a nan a 1921. A 1966, shekarar juyin mulki biyu da kashe-kashen da suka kai ga yaƙin basasa, ya fitar da littafi mai sunan Hausa, Iska, kan wata budurwa Ibo da ta tashi a Arewa ta auri ɗan Arewa, gabar ƙabilanci ta ci auren. Ben Okri, wanda ya ci kyautar Booker a 1991, an haife shi a Minna a 1959, mahaifinsa na aikin reluwe. A wani gajeren labarinsa na 1986 ya nuna yaƙin basasa ta idon yaro ɗan makarantar kwana, wanda uwarsa ta fito daga ɓangaren 'yan tawaye, suna ratsa shingayen da sojoji ke sa mutum ya yi yarensa don su san ko wane ne.

Sai Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai, masanin tattalin arziki, tsohon babban sakatare kuma tsohon shugaban ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wanda ya rasu a 2015. Shi bai cika zuwa bakin titi ba. Littattafansa irin su Innocent Victims da Sunset for a Mandarin da Footprints sun fi zama a ofis da fadar masu mulki, inda ake ƙulla abin da daga baya ke fitar da mutane titi. Bayansa ƙungiyar ANA ta Neja da gidauniyar Hill-Top ta B.M. Dzukogi sun raini matasa marubuta da dama, har ake yi wa Minna kirari da cibiyar adabin Turanci a Arewa.

Jos, Kano, Sakkwato

Littattafan da suka fi fito da rikicin Arewa na wannan zamani su ma da Turanci suke. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar NLNG ta dala dubu ɗari a 2016, ya bi Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55 da ta rasa mijinta a rikicin Jos, da wani shugaban 'yan daba da 'yan siyasa ke amfani da shi. Born on a Tuesday na Elnathan John ya buɗe da almajiri Ɗantala cikin yaran da ake ba kuɗi da ƙwaya su ƙona ofishin jam'iyya, kafin ya gudu Sakkwato ya faɗa tsakiyar rikicin malamai.

Akwai kuma gajeren labarin Chimamanda Adichie, A Private Experience, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Tarzoma ta tashi a kasuwar Kano. Wata ɗalibar likitanci Ibo da wata Bahaushiya mai sayar da albasa suka fake a wani shago da aka bari. Ɗalibar ta ɓace wa 'yar'uwarta, mai albasa ba ta san inda 'yarta mai tallar gyaɗa take ba. Mai albasa tana shayarwa, nononta ya tsage, ta nuna wa ɗalibar ta nemi shawara. Ɗalibar ta ji rauni a ƙafa, mai albasa ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mata. Babu jawabin haɗin kan ƙasa ko ɗaya a labarin, ɗankwali ne kawai. Sai dai mai karatu Bahaushe zai lura da wani abu: ɗalibar na da suna, da dangi, da tunanin da ake ji daga ciki, ita kuwa mai albasa har labarin ya ƙare ba a faɗi sunanta ba.

Ina Hausa ta tsaya?

Ba za a ce Hausa ba ta taɓa shiga wannan fage ba. A farkon shekarun 1980 Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, kan ta'asar da ta biyo bayan yaƙin basasa, Sulaiman Ibrahim Katsina kuma ya yi Tura Ta Kai Bango kan siyasar danniya. Amma da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, soyayya da zaman aure suka mamaye fili.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Marubucin Hausa shi ke buga littafinsa da kuɗinsa, dole ya rubuta abin da zai fita a kasuwa. Ga kuma ido a kansa: hukumar tace finafinai ta Kano, da aka kafa a 2001, ta miƙa hannunta har kan littattafai, kuma a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Wanda aka tsangwama a kan labarin saurayi da budurwa, zai yi tunani sau biyu kafin ya sa sarki ko malami ko kwamishinan 'yan sanda cikin labarin zubar da jini. Uwa uba, marubucin Turanci makarantansa na Legas da Landan, na Hausa kuwa maƙwabcinsa ne ke karanta shi, kuma zai gamu da shi a masallaci.

Al'adar kawaici ma na da hannu. Abin da ya wuce a bar wa Allah, in ji jama'a.

Inda ake saɓani

Masu adawa da irin wannan rubutu na cewa rikicin da ba a yi shari'arsa ba bai mutu ba, barci yake. Littafin da ya kwatanta yadda aka kashe wani a unguwa kaza na iya zama makamashi ga yaron da aka haifa bayan abin. Suna da abin nunawa: Half of a Yellow Sun na Adichie, wanda ya fito a 2006, ya zama ga matasa da yawa kusan duk abin da suka sani game da 1966, a ƙasar da ta cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu na tsawon shekaru. Littafin daga ɓangaren Biyafara yake kallo, kuma marubuciyar ba ta ɓoye ba. Ekwensi ma, duk da ɗan Minna ne, ya shugabanci ofishin yaɗa manufofin Biyafara a ƙasashen waje lokacin yaƙin. Marubuci na da ɓangare kamar kowa.

Masu goyon baya na amsawa cewa in littafi ɗaya ya mamaye fage, laifin na waɗanda suka yi shiru ne, kuma maganin labari mai ido ɗaya shi ne a rubuta na ɗaya idon. Wannan hujja ta fi nauyi. Kawaicin da aka yi kan rikicin Maitatsine na 1980, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, bai hana na gaba zuwa ba, kuma rahotannin kwamitocin bincike galibi a kabad suke ƙarewa.

Saɓani na biyu kan wanda ya cancanci ya rubuta ne. An tambayi yadda Ba'amurkiya za ta ba da labarin Maidan, kamar yadda wasu suka tambayi yadda Elnathan John, wanda ya tashi a Kaduna amma ba a gidan Musulmi ba, zai shiga zuciyar almajiri. Abin da ya dace a auna shi ne aikin: ya san yadda ake zama a zauren malam, ko kuwa daga jarida ya kwaso? Na uku harshe ne. Kurkov da Rashanci yake rubuta ƙagaggun labaransa, harshen ƙasar da ke yaƙar tasa, kuma hakan ya jawo masa suka a gida tun bayan 2022. Tambayar da ke gaban marubucin Minna 'yar'uwar wannan ce, ko da yake ba ta kai ta zafi ba: labarin matan Kpakungu, in an rubuta shi da Turanci, su za su karanta ko alƙalan gasa?

Abin da ka iya biyo baya

Alamu na nuna ƙofar ta fara buɗewa ta inda ba a zata ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta jawo gajerun labarai kan gudun hijira da garkuwa da mutane, kuma ana karanta su a rediyo, inda wanda bai yi boko ba ma zai ji. Marubutan intanet da ke sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, da masu karanta littattafai a YouTube, ba sa jiran maɗaba'a ko ɗan kasuwa. Hatsarin shi ne rubutun da ba edita, wanda cikin sauƙi zai ɗauki jita-jita ya sa mata rigar labari, ko ya kama sunan ƙabila guda ya jingina mata laifin 'yan tsiraru.

Yukren ta nuna cewa aikin na da tsada. Volodymyr Vakulenko, marubucin littattafan yara, ya binne kundin da yake rubuta abin da ke faruwa a ƙauyensu kusa da Izium a gindin wata bishiya a gidansu, kafin sojojin mamaya su tafi da shi a Maris ɗin 2022. Gawarsa aka samu daga baya. Wata marubuciya, Victoria Amelina, wadda ta ajiye ƙagaggen labari ta koma tattara shaidar laifukan yaƙi, ita ta tono kundin bayan an ƙwato yankin. Ita ma makami mai linzami ya same ta a wani gidan abinci a Kramatorsk a ƙarshen Yunin 2023, ta cika bayan 'yan kwanaki.

A nan gida kayan aikin na nan jibge. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, har da Neja, 'yan sanda suka musanta. A Kano da Kaduna matasa sun ɗaga tutar Rasha, ƙasar da 'yan Maidan suka fito don guje wa inuwarta, aka kama teloli da zargin ɗinka ta, ofishin jakadancin Rasha ya ce ba ruwansa. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka tsare a babbar kotun tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara da suka yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Kwana uku bayan haka Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka soke tuhumar, aka miƙa yaran ga gwamnonin Kano da Kaduna suka koma da su gida.